Ƙorafi Kan Korar Hammadu Gwashi Bisa Laifin Da Tururi Ya Yi

Daga: Surajo Dodo Zugu,
Mai Kula da Injin Busar da Shinkafa, Gummi.

Zuwa ga: Mai Girma Sakatare,
Hukumar Injinan Haɗin Kan Manoma,
Shiyyar Anka, Jihar Sakkwato.

11 ga Yuni, 1984

Game da: Ƙin sake duba korar Malam Hammadu Gwashi, makanike

Ranka shi daɗe,

Bayan gaisuwa da ladabi, ina kawo kuka a kan Kwamitin Ladabtarwa na wannan Hukuma. Da azumi a bakina nake rubutu, saboda haka ba zan ɓoye ba, tushen ɓarnar daga wurina yake.

1. A watan Maris 1983 aka kafa mana injin busar da gumammiyar shinkafa, wato wadda aka turara. Cikinsa akwai wayoyi na haɗin nikel da kuromiyam, waɗanda ke yin jajir su ba da zafi. Takardar injin ta ce suna yin shekara biyar. Namu sun tsinke sau uku a damina ɗaya.

2. Ranar 6 ga Satumba 1983 na rubuta wa Kwamiti cewa Hammadu ne ke cire wayoyi na asali yana sa jabu. Hujjata ita ce na ga wayar ta sirance, tana zubar da ɓawo kore-kore. Ba ni da wata shaida bayan wannan. Cikin kwana tara aka kore shi, kuma ni da bakina na karanta takardar korar a ƙofar injin, ranar kasuwa, gaban mata masu guma.

3. Bayan tafiyarsa, waya ta huɗu ta tsinke. Ni na buɗe ta daga kwali, ni na ɗaura ta.

4. Ranar 20 ga Fabrairu 1984 Hukuma ta turo Injiniya Sambo. Ya gwada gutsattsarin duka huɗun, ya tabbatar na asali ne. Bayaninsa shi ne: idan wayar ta yi zafi cikin busasshiyar iska, takan yi wa kanta siririn ɓawo mai kama jiki, wanda ke kare ta daga cin wuta. Amma idan tururi ya yi yawa, ɓawon ba ya zama. Wani ya fashe ya zube, wani ya bi tururi, wayar ta sake yin sabo daga jikinta, haka har ta rame ta tsinke. Sai ya tambaya ko wa ya toshe tagogin fitar iska. Wallahi, ranka shi daɗe, ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige.

5. Ni na toshe su. A gidanmu na tashi ina ganin Inna tana lulluɓe tukunyar guma da jiƙaƙƙen buhu don kada zafi ya gudu, sai na ɗauka inji ma tukunya ne. Na sa aka danne tagogin da jiƙaƙƙun buhuna, ana zuba shinkafa tana huci. Sau biyu Hammadu ya cire su, ya ce injin yana son numfashi. Da yake shi ɗan makiyaya ne, na ce masa makiyayi ba zai koya wa ɗan fadama shinkafa ba. Laifi tudu ne, na taka nawa na hango nasa, alhali ma shi ba shi da ko ɗaya.

6. Na rubuta wa Kwamiti ranar 2 ga Maris, na sake ranar 17 ga Afrilu, haɗe da rahoton injiniya. An amsa mini da layi ɗaya, wai an rufe fayil. Kwana tara ya ishe su korar mutum, amma wata uku bai ishe su karanta shafi biyu ba!

7. Har yau ana kiransa ɓarawon waya. Ba mai ba shi ko famfon ban-ruwa ya gyara. Mahaifiyarsa, Inna Aisatu, ta daina kawo nono kasuwar Gummi saboda habaici. Abin da ya fi ci mini rai, duk inda muka haɗu shi ke riga ni sallama, har ya tambayi lafiyar injin.

Saboda haka ina roƙon Mai Girma ya umarci Kwamiti ya buɗe fayil, a mayar da Hammadu bakin aikinsa, a rubuta takardar wanke shi. Ina kuma roƙon alfarma ɗaya: kada a aika masa ita a ambulan. A ba ni in karanta ta da kaina a ƙofar injin, ranar kasuwa, da muryar da na karanta ta farko. Idan kuwa dokar Hukuma ta ce lalle sai an kori wani saboda wayoyin nan huɗu, ba sai an wahala da bincike ba, sunansa na ƙasan wannan takarda.

Allah shi ƙara wa Mai Girma lafiya da adalci.

Naka mai biyayya,

Surajo Dodo Zugu