Maɓoyar Baba a Saman Marmaro

Hambug, ƙasar Jamus

Yaya Baktiyar,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali da ƙanwarmu Shilan. Ni ina nan yadda ka sani, ina wanke kifi a ɗakin sanyi, ina jiran takardar zama da kullum ake ce mini ta kusa.

Wani ɗan ƙauyenmu da ya iso nan ya gaya mini abin da kai ba ka gaya mini ba. Ya ce lokacin kaka ya yi nisa, har yau ba wanda ya hau ya ɗora dutse a maɓoyar farautar Baba, kuma an ga 'ya'yan dattijon ƙauyenmu Mam Sabir suna zagaya wurin. Ba zan kira su ɓarayi ba. Al'ada tana bayansu: maɓoyar da masu ita ba su gyara ba, tsuntsunsu bai yi kira a cikinta ba kafin dusar ƙanƙara ta farko, ta zama ta wanda ya riga. Da mu ne su, haka za mu yi. Kai nake tuhuma.

Kakanmu ne ya jera duwatsun nan a saman marmaro, inda makwarwa ke sauka, barewa ke zuwa shan ruwa. Ka sa a goge bindigar Baba, a sake harsashi, na cikin akwati ya sha danshi. Ladan kuma, namijin makwarwar da Baba ke kiran na daji da shi, a rage masa hatsi, a riƙa fitar da kejinsa rana. In ya yi ƙiba ba zai yi kira ba, in bai yi kira ba na daji ba za su zo ba.

An binne Baba ina nan ina kankare ɓawon kifi. Wannan na haɗiye. Na biyu ba zan haɗiye ba.

Ka huta lafiya. Ƙaninka,
Zirak

*

Zirak,

Gaisuwa da fatan alheri. Umarninka ya iso, ranka ya daɗe, duk mun miƙe tsaye muka karanta.

Ladan bai buɗe baki ba tun ranar jana'iza. Ci kawai yake yi yana kallon mutane, kamar wani ƙanina da na sani. Ƙafa kuma guda ɗaya nakiya ta bar mini, ba zan kai ta kan dutse in baro ta can saboda tarin duwatsu ba.

Mam Sabir ya zo shan shayi. Ya yi magana ta mutunci. Ya ce in mun bar musu wurin, duk barewar da suka harba, cinya tamu ce. Na ce zan yi tunani.

Ka zauna ka wanke kifinka. Allah ya fito da takarda.

Yayanka,
Baktiyar

*

Yaya,

Ina gaishe ka. Maganar ƙafa gaskiyarka ce, ban isa in ce ka hau ba, kuma Mam Sabir dattijo ne, na san ba da raini ya faɗa ba.

Amma cinya? Gidan da Baba ke rabon nama har ƙarshen unguwa, shi za a riƙa aiko wa cinya a kwano kamar gidan marayu? Ka ce masa mun gode.

Na sayi tikiti. Na sayi takalmin hawan dutse, mai kauri, irin wanda Baba bai taɓa samu ba. Lauyata ta ce ranar da na taka ƙasarmu, ranar za a rufe maganar takardata, ba kuma dawowa. Ta maimaita mini a hankali kamar mai magana da kurma. Na ce na ji. Shekarun da na zuba a nan sun tafi ke nan, to su tafi. Na gaji da zama mutumin da ake ba labarin gidansu.

A jiƙa mini igiyar keji, a tanadi gurasa da cuku da zabibi. Kada kowa ya ba Mam Sabir amsa kafin in iso.

Naka,
Zirak

*

Yaya Zirak,

Ina gaishe ka gaisuwar ƙanwa, da fatan sanyi bai taɓa ka ba. Ni ce Shilan. Yaya Baktiyar ya hana ni rubuto maka, shi ya sa na rubuto.

Tun kafin wasiƙarka ta farko ya gwada hawa. Ƙafar robar da yake sawa ta zame a gangare, ya faɗi, dungulmin ya buɗe. A kan alfadari aka sauko da shi. Yana kwance ya rubuta maka waccan amsar, wai gara ka zage shi da ka taso.

Da na ji zancen tikiti, ranar Talata na sa rigar sanyin Baba, na rataya bindiga, na cusa kejin Ladan a cikin rigar yadda Baba ke yi, na hau. Gefe ɗaya na maɓoyar ya zube. Ina cikin jera duwatsu sai ga Mam Sabir a kan alfadarinsa, da babban ɗansa Karwan ɗauke da nasu kejin.

Karwan ya ce, "Shilan, itace kika zo yi? Ai kurmin yana ƙasa."

Na ce, "Ɗakin ubana nake gyarawa. Miƙo mini wancan dutsen."

Bai miƙo ba. Ya ce wa babansa dutsen mace ba ya shiga lissafi. Tsohon ya daɗe yana shafa gashin baki, sannan ya ce shi dai a abin da ya gada bai ji an ambaci gemu ba, dutse aka ce da kira. Dutse ga shi. Saura kira. Kuma duk ƙauye an san Ladan ya daina.

Na ciro kejin daga cikin rigar na ajiye a kan bango, na shige na zauna. Na ɗora bindiga a kan dutse. Ladan ya karkaɗe jiki, ya dubi dutse, ya dubi marmaro. Ban sani ba ko warin rigar ne, ko iskar wurin. Ya miƙe wuya ya saki kira har kwarin ya ɗauka. Can sai na daji suka amsa daga tsallake, suka fara gangarowa.

Na harba. Ban sami ko gashi ba, bindigar kuma ta kusa cire mini kafaɗa. Karwan ya yi dariya har ya zauna a ƙasa, ya ce maɓoya tamu ce, amma makwarwan bana sun sami lafiya. Mam Sabir ya juya alfadarinsa, ya ce a gai da Baktiyar.

Takalmina na roba ya tsage a hanya, da ƙafa ɗaya a waje na iso gida. Washegari dusar ta sauka.

Ka mayar da tikitin. In ka taso yanzu, wahalar banza ni da Yaya muka sha. Da zarar hanya ta buɗe zan sake hawa, barewa suna nan, na ga sawunsu.

Ƙanwarka,
Shilan

*

Shilan,

Ina gaishe ki, ina gaishe da mai kwance. Ki ce masa na san yanzu, kuma ban fasa jin haushinsa ba.

Na mayar da tikitin. Takalmin ma na mayar, na karɓo ƙarami, yana hanya. In ya yi miki yawa ki cusa ulu a gaba. Gindin bindiga kuma manna shi ake da kafaɗa sosai, ba a tsoronsa.

Ki je ki gai da Mam Sabir. Ki ce masa in kin harbi barewa, cinya tasu ce.

Yayanki,
Zirak