Kwamiti a Motar Wanda Ake Ƙara

Daren Laraba, Tambuwal

Yau kwamitin majalisa ya zo binciken korar Yaya Bello daga aikin lauyan gwamnati. Laifinshi kawai ya ƙi janye ƙarar surukin wani babba, surukin da ya karkatar da takin manoman Kebbe.

Da sassafe na goge mishi babbar riga, har da turare, ina ta murna wai gaskiya za ta fito. Sai ga 'yan kwamitin sun sauko daga motar surukin nan, suna sakace haƙora. Ko tambaya ba su yi ba. Shugabansu ya dafa Yaya ya ce, "Barista, a bar wa Allah."

Yaya ya dawo, ya ninke rigar, ya ce, "Hadiza, ina fartanyar Baba?"

Gonar ma, da wane taki?