Layin da Nake Tsallakewa

Litinin, 3 ga Maris
Mama ta haihu. Mace, bakwaini. An sa ta a kwalba a asibiti, da 'yar roba a hanci mai taya ta numfashi. Tun ina aji ɗaya nake roƙon Allah ƙanwa. Ban ce masa irin wannan ba.

Laraba, 5 ga Maris
Nas ta bar ni na shiga, bayan na wanke hannu sau biyu. Tsawonta duka bai wuce takalmin Baba ba. Amma tana da farce! Goma cif, na ƙirga. Har da gashin ido. Wa ya zauna ya yi wannan aikin a cikin duhu, inda ba mai gani? Na tsaya ina ta kallonta. Nas ta ce, "Yaya guda, ba gaisuwa?" Kunya ta kama ni.

Lahadi, 9 ga Maris
A coci mun yi Addu'ar Ubangiji. Da aka zo inda ake cewa a yi nufinsa, na rufe bakina. Tun Litinin haka nake yi. In nufinsa ya ɗauke ta ne fa? Ba da bakina ba.

Talata, 11 ga Maris
Kaka ta kama ni a addu'ar safe. "Ke, addu'ar nan taki giɓi gare ta kamar haƙorana." Na fashe da kuka, na faɗa mata. Ba ta yi faɗa ba. Ta ce ta haifi bakwai, ta binne biyu, har yau ba ta san dalili ba. "Amma hannun da ya yi faratan nan, 'yata, ba ya aikin ganganci."

Alhamis, 13 ga Maris
Gobe likita zai cire robar, a ga ko jaririyar za ta iya numfashi da kanta. Baba bai taɓa abincinsa ba.

Juma'a, 14 ga Maris
Mun riƙe hannu a baranda muka yi addu'a, sannan muka leƙa ta taga. Aka cire. Ƙirjinta ya tsaya cak, nawa ma haka. Can sai ya ɗaga. Ya sauka. Ya sake ɗagawa. Kukanta kamar na 'yar kyanwa. Likita ya ce da sauran tafiya, kada mu yi saurin murna.

Layin nan dai, na a yi nufinsa. Na faɗe shi a baranda, kafin a cire robar, ba bayan an cire ba. Can ƙasa-ƙasa. Na ɗauka ba wanda ya ji, sai Kaka ta matse min yatsu.