Ƙafafu a Bayan Kanta

Ka'akiyya, Makka, 2016

Zuwa ga ƙanina Uzairu,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, da Inna da ciwon gwiwarta. Ka gaishe min da 'yan ƙungiyarmu ta rawar Koroso.

Ni lafiya lau nake. Shagon dabinon da nake tsaro yana ciniki, ɗakina ma ba laifi, sai dai shiru ya yi masa yawa.

Ka ce samari suna son haɗa Koroso da kiɗan zamani, dattawa sun ƙi, har wasu na shirin ficewa. To, ji abin da na gani. Rakan, abokin aikina, jikan Hausawa ne amma Hausarsa ba ta wuce gaisuwa ba. Ya nuna min bidiyon rawar 'yan ƙasar Ailan a wayarsa. Kiɗan sabo ne fil, amma takun na kakanninsu ne. Hannuwansu a manne da jiki kamar sojoji, ƙafafu kaɗai ke magana. Ka faɗa wa dattawa su bar yaran. In dai takun yana nan, ba a yi asara ba.

Rakan dariya ya yi ta yi wa rawar tasu. Ni kuwa kasa dariya na yi, domin ni ma irin rawar da nake yi ke nan a nan. Daga ƙugu zuwa sama ina auna wa alhazai dabino, ƙafafuna kuma suna taka Koroso a bayan kanta, ba mai gani.

Idan Malam Hashimu zai zo Umara, ka ba shi akayau ɗina, abin da nake ɗaurawa a ƙafa. Ba rawa zan yi da shi ba. Zan dai riƙa kaɗa shi a ɗaki, in ji kamar wani ya shigo.

Allah ya sada mu da alheri.

Yayanka,
Abdulwadud