Rasuwar Baba Shuɗi da Wayar da Bai Yi wa Alama Ba

Cikin alhini da sanyin jiki, Ƙungiyar Masu Haɗa Wayar Injuna da 'Yan Koyonsu ta samu labarin rasuwar Uban Ƙungiya, tsohon Shugabanta, kuma Babban Malamin 'yan koyo, wanda manya da yara suka sani da Baba Shuɗi. Allah Ya karɓi ransa a gadon asibiti, bayan gajeriyar rashin lafiya da ta kama shi yana tsakiyar aiki. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Marigayin ya ƙarar da ƙarfinsa a durƙushe gaban akwatin wutar injuna, na niƙa da na ɗinki da na buga bulo, da famfunan rijiya masu aiki da batir da hasken rana. A lokacin da kowane mai gyara ke jan duk wayar da hannunsa ya taɓa, shi ne ya tara masu sana'ar nan, ya yi ta lallashi da faɗa har suka yarda kowane aiki ya samu launinsa. Shuɗiya ta wutar batir ce, kuma tana mutuwa idan an kashe babban makunnin inji. Koriya mai ratsin rawaya ta ƙasa ce kaɗai, wato mai zubar da wuta ƙasa don kariya. Ruwan goro kuwa ita ce wayar da ke ɗauke da wuta ko da an kashe makunnin, don duk wanda ya gan ta ya janye hannunsa. Yawan cewa "miƙo shuɗi" ne ya jawo masa sunan da ya danne sunansa na yanka.

Shi ne kuma ya fara buɗe ƙofar shago ga 'yan mata masu son koyo, duk da surutun da ya sha a kai. Bai iya duka ba, sai tsiya. Idan yarinya ta miƙa masa launin da bai nema ba, yakan sauke tabarau ya ce, "Ke 'yar nan, biki za mu je? Waya kike zaɓa ko ɗankwali?" Shago ya kwashe da dariya, ita kuma ba ta sake mantawa.

Da nauyin baki ƙungiya ke sanar da jama'a wani abu da ya hana mu zaman makoki cikin natsuwa. Kafin ya daina magana, marigayin ya riƙe hannun mai ɗakinsa, Innarmu, ya ce mata, "Uwar yara, ruwan goro ya ƙare mini a wani aiki, na sa shuɗiya a madadinta, na ce zan koma in naɗa mata tef ruwan goro. Ki gaya wa yaran nan kada kowa ya sa hannu." Ta tambaye shi wane inji ne, kuma a gidan wa. Ya yi ta motsa baki, numfashi ya ƙi ba shi dama, bai kuma sake cewa komai ba.

Wannan na nufin akwai wani inji a cikin garin nan da ke da shuɗiyar waya mai rai ko an kashe makunni. Mai gyaran da ya buɗe shi zai yarda da launin, domin Baba ne da kansa ya koya mana yarda da shi, zai kuma zura hannu ko sufana. Wutar batura masu yawa ba ta ƙara ba ta gargaɗi, tana narkar da ƙarfe, tana ƙona hannu, tana tayar da gobara. A makonninsa na ƙarshe Baba yakan hau babur ya tafi aiki shi kaɗai, ba ya faɗin inda ya nufa. Mai Girma Shugaban Ƙungiya, da Mataimakinsa, da manyan yayyenmu sun duba injunan da muka sani, har yanzu ba a dace ba.

Saboda haka muna roƙon duk wanda marigayin ya taɓa masa inji kwanan nan, don girman Allah, kada ya buɗe akwatin wutar, kada ya bar yaron shago ko wani mai gyara ya buɗe, ya zo shagon Baba ya sanar da mu. Za mu je mu auna kowace waya da mita. Masu cewa wanda ya kafa doka shi ya karya ta, mun ji, kuma ba mu musa ba. Muna dai roƙon su daina faɗa a gaban 'ya'yansa.

Ƙungiya na miƙa ta'aziyyarta ga Inna, da 'ya'ya da jikoki, da ƙannen marigayin, da dukkan abokan sana'a. Allah Ya gafarta masa, Ya haskaka kabarinsa, Ya ba iyalinsa haƙuri da ƙarfin zuciya.

Da ake haɗa kayansa a asibiti, an samu sabon tef ruwan goro a aljihun rigarsa, ko ledarsa ba a cire ba. Inna ta damƙa wa Shugaba shi, ta ce kada a dawo mata da shi sai an yanki wanda za a naɗa wa wayar da ta rage wa mijinta. Allah Ya sa mu riga hannun wani isa wurin wayar nan.

Sa hannu:
Autar Shago
Mai Magana da Yawun Sashen 'Yan Koyo,
a madadin Shugaba da dukkan 'yan ƙungiya