Na Ce Ba Baba Ya Haife Ni Ba

Zuwa ga Mama,

Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kina lafiya. Yaya gwiwar taki? Yaya Baba da Yaya? Ki taɓa kafaɗar kowannensu ki nuna musu ina gaishe su.

Mama, takarda uku na yayyaga kafin wannan. Ina da ciki, wata huɗu. Na san za ki fara hamdala, amma dakata tukuna. Kin san yanzu ba a haihuwa sai da izinin Hukumar Gyaran Iri, kin kuma san abin da ke cikin fayil ɗin gidanmu: Baba ya kurumce yana ɗan shekara talatin, Yaya kuwa da kurumtar aka haife shi. Jan hatimi ne a kan sunanmu. A masana'antar ɗinkin da nake aiki ana auna mata duk ƙarshen wata. Mai awon ta ga ƙuguna ya ƙaru, ta rubuta, washegari sai ga sammaci.

Ofishin yana hawa na uku, kujerun roba a jere, mata sun fi ashirin, ba mai kallon 'yar uwarta. Ma'aikaciyar ta gaya mini da fara'arta cewa ranar Laraba za a cire cikin, a ɗaure mahaifar. Sai ta rage murya ta ce sai dai fa idan ni ba jinin mutumin nan ba ce, wato Baba. In uwa ta rantse a rubuce, ba sa wahalar da kansu da gwaji.

Wallahi ko numfashi ban ja ba. Na ce ba Baba ya haife ni ba, wani direba ne da ya rasu tuntuni. Da bakina na faɗa, a kanki, ke da ko gaisawa da maƙwabci sai kin sunkuyar da kai. Maigidana ya ce dabara ce kawai, kowa na yi. Shi ai ba uwarsa aka ɓata ba.

Suna son ki zo ranar Litinin ki sa hannu. In kin ƙi, ba zan ga laifinki ba. Kunya ta hana ni zuwa in faɗa miki ido da ido.

'Yarki,
Auta

Zuwa ga Mama,

Ina gaishe ki, ina fatan kun isa gida lafiya, kuma hawan benen nan bai tayar miki da gwiwar ba.

Ban san za su ce sai mijin ya zo shaida ba. Na rantse ban sani ba. Da na hango Baba a bayanki da rigarsa ta zuwa biki, riƙe da jakarki, ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Ma'aikaciyar ta karanta rantsuwar da ƙarfi a gaban matan nan duka, ke kuma kika amsa kowane layi idonki a bango. Na yi ta gaya wa kaina ai shi ba ya ji. Sai na ga yana bin leɓenta da ido, kalma bayan kalma.

Da aka miƙa masa takardar ya karanta sau biyu. Ya sa hannu, ya mayar da murfin biro a hankali, ya juyo ya nuna cikina, ya kai hannu baki, wato in riƙa cin abinci. Mama, gara ma ya mare ni.

An ba ni koren kati, an goge sunansa daga nawa. Na ji sun liƙa sunanki a allon unguwa, har matar mai shago ta daina amsa gaisuwarki. Ni kuma a wurin aiki sai taya ni murna ake, wai ashe irina mai kyau ne. Na ce na gode. Har murmushi na yi musu.

Ki yafe mini in kina iyawa.

'Yarki,
Auta

Zuwa ga Mama,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku duka, ki yi haƙuri da dogon shiruna. Jikarki ta cika wata biyar, ta yi ɓul-ɓul, ga dariya kamar an biya ta. Goshin nan kuwa na Baba ne sak, har hula nake ja mata in za mu asibiti.

Shekaranjiya da hantsi faranti ya suɓuce mini a bayanta, na ƙarfe, babban nan. Maƙwabciyata ta leƙo ta taga tana tambayar ko lafiya. Yarinyar ko ƙiftawa ba ta yi ba, tana ta wasa da yatsun ƙafarta. Na tafa, na kira ta, na buga murfin tukunya har hannuna ya yi zafi. Sai da na zagayo gabanta ta gan ni, ta washe baki.

Ubanta ya zauna a bakin gado ya ce, "Wataƙila mura ce." Mu biyun mun san ba mura ba ce.

Ranar da ta cika wata shida Hukuma za ta gwada ta. Ƙararrawa suke kaɗawa a bayan yaro su ga ko zai waiwaya. In bai waiwaya ba, su ɗauke shi zuwa gidan renonsu, ba a kuma ganinsa. Sannan su buɗe fayil, su nemi wadda ta yi rantsuwar ƙarya. Duk abin da na sa kika haɗiye, ga inda ya kawo mu.

Na tuna kin taɓa ce mini Baba ya yi shekara shida yana aiki a garejin jirgin ƙasa ba wanda ya gane ya daina ji, har gwajinsu ya ci sau uku. Ya san yadda ake lura da inuwa, da motsin ƙasa a tafin ƙafa, da idon mutum. In akwai wanda zai koya mini yadda zan sa jaririya ta juya a kan lokaci, shi ne. Saura kwana ashirin da shida.

A doka shi ba kowana ba ne yanzu, kuma mai jan kati irinsa ba ya shiga unguwarmu. Ni zan kawo ta, ta ƙofar baya, in zai yarda ya buɗe. Na ɗauki biro in rubuta masa da kaina, na rasa da wane suna zan kira shi a saman takardar. Ke ki faɗa masa, Mama, a hankali, yadda zai ga bakinki. Ki ce jikarsa ta gado shi.

'Yarki mai jin kunyarku,
Auta