Sama Ko Ƙasa Idan Jiniya Ta Yi Kuka?

Khanum Shokufeh, ki taimake ni, na rasa barci. Tun da makamai masu linzami suka fara sauka a Tehran muke gudu ɗakin ƙarƙashin ƙasa. Yanzu kuma a layin burodi kowa cewa yake masu zuwa iskar guba za su ɗauko, wai ita ƙasa take kwanciya, sai a hau sama da jiƙaƙƙen tawul. To, saman gidanmu wata mata ce, Khanum Effat, da ɗanta Bahman, wanda ya dawo daga fagen daga yana tari, yini yake jin kaset. 'Yata Parvaneh, budurwa, ta ce can za ta hau. Na ce ban haifi 'yar da za ta tsuguna ɗaki ɗaya da saurayi ba, 'yan matan yanzu ko yaƙi hujja ne a wurinsu. Ta ce in haka ne in rubuta wa mai harba makamin ya jira a ɗaura mata aure. Ki ji bakin yarinya.

Sai na liƙe ɗakin ƙasan da leda da salatif, ko allura ba za ta shiga ba, na kunna hitar kananzir saboda sanyi. Shekaranjiya da rana muna ciki Parvaneh ta yi amai, ta sulale a jikina. Na ɗauka gubar ce, amma babu abin da ya faɗo unguwarmu. Nowruz, sallar sabuwar shekararmu, ta ƙarato, ko alkamar da nake tsirarwa don adon sallar ban shayar ba. Ina zan kai yarinyar nan?

Uwa daga unguwar Narmak

'Yar'uwa, ba makami ne ya kayar da Parvaneh ba, hitarki ce ta cinye iskar ɗakin da kika toshe. Yau ɗin nan ki cire ledar, kada a sake kunna wuta a rufaffen ɗaki.

Tsoronki ba shirme ba ne, kuma ƙasa ta fi kare mutum daga ɓaraguzai, ku ci gaba da sauka. Amma ranar da aka yi shelar guba, gaskiyar 'yarki ce, ku hau. Ku hau tare, ki zauna tsakaninsu in kina so. Bahman kuwa, tarin nan nasa a wurin gubar ya samo shi, duk gidan shi kaɗai ya san warinta. Ki dafa shayi ki kai musu, ki tambaye shi.

Mutuncin da kike tsarewa na yarinya mai numfashi ne. Ki shayar da alkamarki. Allah ya nuna muku sabuwar shekara ku duka, na sama da na ƙasa.

Shokufeh